Kafin Ka Taka Fedar Injin Cire Taya

 Sharhinmu na yau zai kai mu wurin masu faci, amma ba tsohuwar rumfar nan ta bakin titi mai guduma da liba biyu da bahon ruwa ba. Sabon wuri nake nufi, mai siminti da fenti, inda aka kafa injin cire taya da mayar da ita. A 'yan shekarun nan irin wannan inji ya yawaita a gidajen mai da shagunan sayar da taya a Kano da Kaduna da Sakkwato da Abuja, haka ma a Maraɗi da Yamai. Abin a yi murna ne. Aikin da a da sai ƙato ya haɗa gumi, ya yi ta jibgar bakin taya da guduma yana tattaka ta da ƙafa, yanzu matashi yana gama shi cikin 'yan mintoci, rim bai lotsa ba, fentinsa bai ƙuje ba.

Abin da ke damuna shi ne, muna sayen injin amma ba ma sayen iliminsa. Mai shago zai zuba kuɗi masu kauri ya kawo shi, mai wayarin ya haɗa masa wuta, wani ya zo ya nuna wa yara inda ake takawa sau biyu ko uku, shi ke nan an buɗe kasuwa. Littafin bayanin da ya zo da injin, in ma ya zo da shi, ya bi kwali zuwa bola.

Wannan inji ba sabon abu ba ne a duniya. A arewacin Italiya, a garin Correggio, kamfanin Corghi ya fara ƙera irinsa tun wajejen 1960, kuma har gobe Italiyawa suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan fanni. Yawancin waɗanda ke shigowa kasuwanninmu yanzu na Sin ne, ko kuma na hannu daga Turai, amma fasalinsu kusan ɗaya ne. Akwai faranti mai juyawa da farata huɗu da ke damƙe rim. Akwai wani faffaɗan ƙarfe a gefe, wanda ke danna bakin taya ya raba shi da rim. Akwai hannu mai saukowa daga sama, da kai mai lanƙwasa wanda bakin tayar ke hawa. Sai tiyon iska da geji, sai fedoji a ƙasa. Iskar da ke tafiyar da shi takan kai bar 8 zuwa 10, wato kusan ninki huɗu na abin da ke cikin tayar ƙaramar mota. Shi kuwa ƙarfen gefen, a injuna da yawa yana danna abu da ƙarfin da ya kai kilo 2,500. Nauyin buhun siminti 50 ke nan a kan faɗin tafin hannu.

Ga inda bambancin yake tsakaninsa da liba. Tsohon mai faci, idan taya ta ƙi, hannunsa ne yake gaya masa. Zai ji ta yi tauri, ya gaji, ya tsaya ya duba, ya gane cewa wani abu bai zauna daidai ba. Inji ba ya gajiya kuma ba ya ji. Ko roba ce a gabansa, ko waya, ko yatsa, muddin ƙafa tana kan feda zai ci gaba. Saboda haka jin da a da yake hannun mutum, yanzu tilas ya koma idonsa da kunnensa. Wanda bai koyi wannan ba, bai koyi injin ba, ko da ya shekara yana taka shi.

Mu fara da sutura, domin a nan ne mu Hausawa muke da namu haɗarin na daban. Waɗanda suka ƙera injin sun ƙera shi ne suna hango mutum cikin rigar aiki mai ɗame jiki. Mu kuwa ga kaftani mai faɗin hannu, ga babbar riga, ga carbi a wuyan hannu, ga zoben azurfa. Sau da yawa ma ba yaron shago ne ke fara karya ƙa'ida ba, maigidan ne. Ya dawo daga masallacin Juma'a cikin shaddarsa, ya tarar da layin motoci, ya ga yaro yana jan jiki, sai ya ce, "Kai, matsa nan in nuna maka." Ya sunkuya a kan faranti mai juyawa, bakin riga yana lilo a kan farata. Farantin ba shi da sauri, gaskiya ne, amma yana da ƙarfin da idan ya naɗe hannun riga, mai rigar zai bi ta. Sai a tuɓe babbar riga, a naɗe hannu, a cire zobe da agogo. Takalmi ya zama rufaffe mai tauri, ba silifa ba, domin rim ɗin jif idan ya suɓuce ya sauka a kan yatsun ƙafa, sai ɗori. Tabarau na kare ido kuma ba gayu ba ne: a duk lokacin da bakin taya ya ɓalle ko ya zauna, tsatsa da tsakuwa da busasshiyar laka suna tashi.

Aiki na farko shi ne fitar da iska, kuma a fitar da ita duka. Ba a danna 'yar allurar da ke cikin bawul a ji huci ya ragu a ce ya isa ba. A kwance allurar gaba ɗaya a ajiye ta, a jira har sai tayar ta yi shiru. Idan datti ya toshe bawul ɗin, a zura siririyar waya a tabbatar. Sannan a ɓamɓare 'yan dalmomin nan da ake maƙalawa a bakin rim don daidaita juyawar ƙafar mota, saboda idan suka haɗu da kan injin za su karce rim, ko su yi tsalle.

Sai a mirgina tayar zuwa ƙarfen gefe. A saita bakinsa a kan roba, dab da gefen rim amma ba a kansa ba. Hannu yana kan mariƙin ƙarfen, ɗaya hannun yana saman tayar inda take taka ƙasa, ba a gefenta ba. Ƙafa kuma kada ta shiga tsakanin tayar da jikin injin. Wannan wuri ne da ke cin gwiwa da idon sawu, domin mutum yakan tokare tayar da ƙafa don kada ta zame, ya manta abin da ke zuwa.

Akwai wata asara da ake yawan tafkawa a daidai wannan gaɓa, wadda a zamanin guduma ba a san ta ba. Tun daga 2007 doka ta tilasta wa sababbin ƙananan motoci a Amurka su kasance da na'urar da ke sanar da direba idan iskar taya ta ragu, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2014. A motoci da yawa wannan 'yar na'ura tana maƙale ne a gindin bawul, ta cikin taya, ba a ganinta daga waje. To ina motocin da muke hawa suke fitowa? Daga can suke, ta Kwatano ko ta Legas. Yaro ya saita ƙarfen a daidai bawul, ya taka, a ji ƙas. Alhaji ya biya ya tafi, kafin ya kai shataletale wata fitila ta kama a gabansa, ya juyo.

"Malam, me kuka taɓa min a mota?"

"Wallahi Alhaji taya kawai muka cire."

Kuma da gaskiyarsa, bai san ya fasa komai ba. Maganin abin ba wuya: a nisanta ƙarfen daga inda bawul yake, haka kuma wajen cirewa da mayarwa a lura kada bakin tayar ya bi ta kansa ya murƙushe shi.

Yanzu an ɗora tayar a kan faranti, farata sun damƙe ta. A girgiza a tabbatar ta kamu kafin a ci gaba. Rim na alminiyam an fi so a kama shi ta waje da robar kariya a kan faratan. A sauko da kan injin, a kulle shi ya bar ɗan rata kamar milimita 2 tsakaninsa da rim, kada ƙarfe ya goga ƙarfe.

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan sirrin sana'ar yake, kuma da yawa daga masu yin ta kullum ba a taɓa zaunar da su an yi musu bayaninsa ba. A cikin bakin kowace taya akwai zoben wayoyin ƙarfe da aka naɗe cikin roba. Wannan zobe ba ya miƙewa, kuma da gangan aka yi shi ya fi gefen rim ƙanƙanta, don kada tayar ta fita ana cikin tafiya. To ta yaya abin da bai miƙewa zai tsallake abin da ya fi shi faɗi? Ka dubi rim da kyau, za ka ga wani kwari da ya zagaye tsakiyarsa. Idan aka danna ɓangare ɗaya na bakin tayar ya faɗa cikin wannan kwari, sai ɗaya ɓangaren da ke fuskantarsa ya samu sararin hawa gefen rim. Dabarar ke nan gaba ɗayanta. Shi ya sa ake ɗora rim ta yadda gefen da ya fi kusa da kwarin zai kalli sama, shi ya sa kuma ake danna tayar a ɓangaren da ke nesa da kan injin yayin da farantin ke juyawa.

Idan bakin tayar ya fito daga kwarin, za ka ji muryar injin ta sauya, farantin ya fara nishi, roba ta ɗame tana ƙara. Wannan ce gaɓar da tsohon mai faci zai tsaya. Shi kuwa wanda bai sani ba sai ya ƙara danna feda, wani ma ya kira abokinsa ya taya shi tura tayar da hannu. Injin zai yi nasara, tayar za ta shiga. Amma wayoyin cikin bakinta sun riga sun ji rauni, wasu sun tsinke, kuma roba ta rufe su ba mai gani. Wannan rauni yana jiran ɗaya daga cikin lokuta biyu: ko ya bayyana nan take idan an fara ba da iska, a fuskar mai aikin, ko ya bari sai mota ta ɗauki fasinja ta hau titin Zariya da tsakar rana a watan Afrilu. Idan inji ya yi nishi, a ɗaga ƙafa, a mayar da farantin baya kaɗan, a sake danna bakin cikin kwari, a ƙara shafa mai sulɓi. Yatsu kuwa kada su kusanci kan injin, kada kuma su shiga tsakanin roba da rim ko da sau ɗaya.

Da na ce mai sulɓi, ba baƙin mai nake nufi ba. Na san galan ɗin baƙin mai yana nan a kusan kowace rumfa, kyauta ake samunsa. To shi da giris da fetur duk suna cin roba sannu a hankali, baƙin mai da giris kuma ba sa bushewa, sai tayar ta riƙa zamewa a kan rim idan an taka birki. Akwai man shafawa na musamman da ake yi da man tsirrai don wannan aiki, bokiti ɗaya yana daɗewa. Idan babu, ruwan sabulu mai kauri ya fi baƙin mai sau dubu, sai dai kada a tuttula shi cikin tayar, domin ruwa yana kawo tsatsa.

Kafin a mayar da taya, a karanta. A jikin kowace taya an rubuta girmanta, a jikin rim ma haka, kuma tilas lambobin su zama iri ɗaya. Akwai wani tarko da ya hallaka masu wannan sana'a a ƙasashe da dama: tayar inci 16 a kan rim mai inci 16.5. Tana shiga salin alin, har ka ɗauka daidai take. Amma ba za ta taɓa zama a mazauninta ba, komai iskar da aka ɗura mata, sai dai bakinta ya tsinke ta tarwatse. Rabin inci ne kawai, ido ba ya rabewa, sai an karanta. A kuma goge rim da buroshin ƙarfe a duba shi. Wanda ya tsage ko ya lanƙwashe sosai, ko tsatsa ta ci mazaunin tayar, aikinsa ya ƙare.

Ita kanta tayar sai an bincika ta ciki da waje, musamman a ƙasa irin tamu. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Ikeja a 2008, tun daga nan muka dogara da abin da aka shigo da shi. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma kowa ya san suna cike da kasuwa. Wasu 'yan kasuwa ma cusa taya cikin taya suke yi, uku ko huɗu, don kwantena ta ɗauki da yawa, kuma wajen cusawa da zarowa bakin tayar ne yake shan wahala. Saboda haka a shafa bakinta da hannu a zagaye, a leƙa ciki. A duba lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana cewa taya ta gama wa'adinta bayan shekara 4 da ƙera ta. Wasu tayoyin kuma suna da kibiya da ke nuna inda za su riƙa juyawa, wasu an rubuta wane gefe ne na waje. Kada a raina wannan. Ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe. Rahoton hukumar ya ambaci gudu, ya kuma ambaci cewa ba a ɗaura tayoyin ta fuskar da ta dace ba. Idan haka za ta faru da motar minista, ina ga motar haya?

Yawancin abin da na faɗa zuwa yanzu yana iya cin yatsa, ko rim, ko kuɗin mai mota. Abin da ke cin rai nan take shi ne iska. Idan aka lissafa, iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota tana tura gefen tayar da ƙarfin da ya kai kimanin tan 4. A tayar tirela lissafin ya haura tan 30. Duk wannan ƙarfi zoben wayar nan ne da gefen rim suke riƙe da shi, kuma lokacin da aka fi jarraba su shi ne lokacin da bakin tayar yake ƙoƙarin hawa mazauninsa, kafin a ji ƙarar nan ta "fau" da kowa ya sani.

Masu ƙera taya a Amurka sun daɗe da kafa iyaka a kan wannan: wajen zaunar da bakin tayar ƙaramar mota, kada a wuce 40 a ma'aunin PSI, wanda masu facinmu a Najeriya suka saba da shi. A ma'aunin bar, wanda aka fi amfani da shi a Nijar, 2.8 ke nan. Idan allurar geji ta kai nan ba ta zauna ba, ba ƙarin iska take nema ba. Wani abu ne ba daidai ba: ko girman bai dace ba, ko ba a shafa mai sosai ba, ko rim ya lanƙwashe, ko bakin ya karkace. A fitar da iskar duka, a raba ta da rim, a duba, a sake. Abin da aka saba gani kuwa akasin haka ne. Geji ya kai 50, ya kai 60, yaro yana tsaye a kanta ya sunkuyar da kai yana leƙen inda ta ƙi hawa, wani lokaci har yana bubbuga ta da guduma. Idan ta tashi, sama take yi, ita da rim ɗin, kuma abin da ke sama a lokacin shi ne fuskarsa da ƙirjinsa.

Akwai kuma wani zato da ya kamata a kawar, cewa tunda farata sun damƙe rim ai ba inda za ta je. Faratan an yi su ne don su riƙe rim ya juya, ba don su tare fashewa ba. Injin cire taya ba kejin tare fashewa ba ne, masu ƙera shi da kansu suna rubuta haka a littafinsa. Abin da zai cece ka shi ne tazara. Tiyon iska ya kasance mai baki da ke maƙalewa a bawul da kansa, ba wanda sai ka riƙe da hannu ba. Geji da madannin su kasance can baya a jikin tiyon, tiyon kuma ya yi tsawon da za ka ja gefe. A riƙa ba da iska kaɗan-kaɗan ana duba geji. Injuna da yawa suna zuwa da na'urar da ke hana iskar tiyon wuce kima, sai wani mai wayo ya cire ta wai tana rage sauri. Wannan wayon ya yi tsada. Bayan ta zauna, a duba layin da ke zagaye da bakin tayar a ga ya fito daidai ko'ina, a mayar da allurar bawul, sannan a saita iskar yadda masu ƙera motar suka rubuta a jikin ƙofar direba. Ba lambar da ke jikin tayar ba, ita wannan iyaka ce. Ba kuma bugun taya da sanda ko danna ta da babban yatsa ba.

Na san akwai masu dabarar fetur: a watsa shi cikin taya, a ƙyasta ashana a jefa, ta yi "bum" ta zauna, 'yan kallo su yi shewa, a ɗauka a waya a saka a Facebook. Ba wanda ya san ƙarfin da ya taru a ciki a wannan daƙiƙa, domin babu gejin da ya auna shi. Ragowar tururin fetur kuma yana nan cikin tayar yana jiran mai aiki na gaba. Akwai ƙaramar tukunyar iska da aka yi don wannan matsala, mai sakin iska a lokaci guda. Ita ce kayan aikin, ba ashana ba.

Idan aka koma wuraren manyan motoci, irin su Tafa da Mararrabar Jos da Potiskum, maganar ta ƙara nauyi. Tifofi da manyan motoci da yawa har yanzu suna amfani da rim mai zobe, wanda wani ƙarfe mai tsaga yake kulle tayar. Idan zoben bai zauna a raminsa ba, ko ya yi tsatsa, ko an haɗa zoben wani rim da wani, to iska tana iya cilla shi da ƙarfin da zai raba mutum da kansa. A Amurka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta kafa doka a kan irin wannan rim tun 1980, a 1984 ta faɗaɗa ta ta haɗa da sauran rim na manyan motoci. Dokar ta ce a koyar da ma'aikaci kafin ya taɓa aikin, a ba da iska cikin keji ko bayan katanga, kejin kuma ya iya jure ninki ɗaya da rabi na iyakar iskar tayar. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci a gare mu, domin kada a je wurin mai walda ya haɗa siraran rodi a ce an yi keji. Irin wannan shi ma zai zama abin jifa. Ita kuma tayar tirela da aka yi tafiya da ita ba isasshiyar iska, wayoyin gefenta sun riga sun gaji. Idan ana ba ta iska ka ji tana ƙas-ƙas, ko ka ga gefenta ya yi tudu, ka yanke iskar daga nesa, kada ka matsa don ka gani.

Kada masu facin A Daidaita Sahu su ce wannan bai shafe su ba. Da yawa daga ƙafafun keken suna da rim mai ɓari biyu da aka ɗaure da noti. Wanda ya kwance waɗannan notika da iska a ciki, ɓarin biyu za su rabu a hannunsa.

Sai walda. Rim ya tsage, ko noti ya ƙi kwancewa, a kira mai walda ya sa wuta alhali taya tana jiki. Zafin yana ratsa ƙarfe ya kai ga roba, roba ta fara narkewa ta ciki tana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, matsin ya yi ta hauhawa shi kaɗai. Fitar da iskar tayar ba ya hana wannan, kuma fashewar tana iya zuwa bayan an kashe wutar an koma hira. Ba a kusantar rim da wuta sai an raba shi da taya gaba ɗaya, rim da ya tsage kuma ba a yi masa walda a mayar da shi titi.

Shi ma injin yana da haƙƙinsa. Tukunyar kwamfuresa tana tara ruwa a gindinta, musamman da damina, ruwan yana cin ƙarfen ta ciki. A buɗe 'yar famfon ƙasa kullum bayan an tashi a zubar. A tabbatar bawul ɗin da ke sakin iska idan ta yi yawa yana aiki, kada a ɗaure shi da waya don yana huci. Geji idan ya faɗi ƙasa sau da yawa ƙarya yake fara yi, a riƙa gwada shi da wani. A haɗa wa injin wayar ƙasa, domin wuri ne na ƙarfe da ruwan sabulu. Sannan ga wani abu da ya shafe mu musamman: an ɗauke wuta ba yana nufin injin ya mutu ba. Farantin ne kawai ke aiki da lantarki a yawancinsu, farata da ƙarfen gefe da iska suke aiki, iskar kuma tana nan cike a tukunya. Yaro ya ga an ɗauke wuta ya zura hannu yana share cikin farata, ƙaninsa ya zo wucewa ya taka feda. Kafin a yi shara ko gyara, a zare filogi, a cire tiyon da ke kawo iska, a taka fedojin har sai ragowar ta fita.

Idan irin wannan abu ya faru, abin da muke cewa shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu yi addu'a, mu koma aiki yadda muke yi jiya. Mun yi imani da ƙaddara, babu ja. Amma idan ka duba, wanda tsautsayin yake faɗa wa kusan kullum mutum ɗaya ne: ɗan koyo. Shi ake turawa ya ba da iska, domin ana ganin shi ne aiki mafi sauƙi a shagon, alhali shi ne mafi haɗari. Iyayensa amana suka kawo shi. A ganina, bai kamata maigida ya bar yaro ya riƙe tiyon iska shi kaɗai ba sai ya iya karanta girman taya da na rim, ya san inda 40 take a geji, ya kuma san yana da ikon cewa "Oga, wannan ba za ta hau ba" ba tare da an zage shi ba.

Mu masu motoci ma muna da namu kason. Mu ne muke tsayawa a kan yaro muna duba agogo, "Kai ɗan samari, yi sauri mana, ina da ɗaurin aure." Mu ne idan an ce rim ɗinmu ya lalace sai mu ce a lallaɓa shi haka nan. Mu ne kuma muke zagaye tayar da 'ya'yanmu muna kallo ana ba ta iska. Ka ja baya, ka ja yaranka, ka bar mai aiki ya yi aikinsa. Idan ya ce sai ya sake cire ta, minti 5 ne.

Ƙungiyoyin masu faci suna nan a kusan kowane gari, suna taro, suna karɓar kuɗin ƙungiya. Su ne suka fi kowa damar sa wa kowane shago sharaɗin tiyo mai maƙalewa da geji mai aiki, kowace tashar manyan motoci kuma a haɗa kuɗi a kafa keji ko da guda ɗaya ne wanda kowa zai riƙa amfani da shi. Masu sayar da injinan kuma su fassara shafukan gargaɗin zuwa Hausa, da boko da ajami, a manna a jikin injin daidai inda mai taka feda yake kallo.